Tsohon yarona ya kai ni Facebook: in tanka ko in ƙyale?

Mai Gidan Burodi, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ban saba kai maganar gidana kasuwa ba, amma tunda wani ya riga ni kai ta, bari in kawo nan inda nake sa ran samun masu hankali.

Ina da gidan burodi a nan cikin Katsina, bana shekara 11. Mutum 17 ke aiki ƙarƙashina: masu kwaɓi, masu murji, masu jera gwangwani, mutum biyu a bakin obin, mata huɗu masu ɗaurin leda, direbobi biyu da ke kai kaya Batagarawa da Rimi da Jibiya, sai manaja, wanda ɗan yayata ne.

Ranar Larabar da ta wuce, na dawo daga Isha'i ko takalmi ban cire ba, ɗana na biyu ya miƙo mani waya ya ce, "Baba, ka ga wannan kuwa?" Wani ne ya yi rubutu a ɗaya daga cikin guruf ɗin Facebook na 'yan Katsina, ya ɓoye sunanshi, ya liƙa hoton ledar burodinmu. Ya ce ya yi mani aiki shekara biyu. Ya ce albashi ba ya fita sai 10 ga wata, wani sa'in 12. Ya ce in burodi ya ƙone, duk wanda ke aiki a daren sai an yanki kuɗinshi. Ya ce babu ranar hutu sai rabin yinin Juma'a. Ya ce wani yaro ya ƙone a hannu aka ba shi naira 2,000 aka ce ya je kemis. Sannan ya rufe da cewa, "Alhajin nan kullum yana sahun gaba a masallaci, amma gumin talaka yake sha." Wallahi wannan layin na ƙarshe shi ya hana ni barci, ba sauran ba.

Da gari ya waye muka tarar an kwafe rubutun an sa a shafinmu na Google Maps, da tauraro ɗaya. A Facebook kuwa kwamen ya haura 300. Wasu na tsine mani, wasu da ban ma san su ba suna kare ni, wasu kuma sun bar zancena sun koma faɗa a kan girman burodin naira 500. Uwargida a gidan suna ta ji labarin. Wani mai shago a Sabuwar Unguwa da ya shekara takwas yana karɓar kayana ya kira ni, wai yana jajanta mani, amma na ji a muryarshi tambaya yake yi.

Yanzu gidana ya rabu. Ɗana ya zauna ya rubuta amsa mai zafi, ya ce yaron ɓarawo ne, korar shi aka yi, kuma yana son mu sa hoton littafin albashi kowa ya gani. Ƙanena ya ce in je wurin DPO, akwai dokar intanet, a kamo shi ya kwana biyu a bayan kanta ya san manya. Uwargida ta ce in yi shiru, mutunci madara ne. Manaja kuma ya ce ya san ko wane ne, kuma yana zargin akwai na ciki da ke ba shi labari, don haka in ba shi izini ya karɓi wayoyin yara ya duba.

Tunda shawara nake nema, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jinkirin albashi gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, fulawa da sukari da bota da itace da man janareta, masu shaguna kuma bashi suke karɓa sai sun sayar su biya. In kuɗi ya shigo dilan fulawa nake fara sallama, don in ya riƙe mota babu aikin ma gaba ɗaya. Yankan kuɗin ƙonannen burodi shi ma gaskiya ne, haka na taras ana yi a gidan da na koyi sana'ar. Maganar yaron da ya ƙone kuwa ban san ta ba sai a rubutun nan, lokacin ina Umara. Amma a ce ina shan gumin talaka? Ni da nake yi masu ɗinkin Sallah, nake raba shinkafa da azumi, na aurar da uku daga cikinsu?

To 'yan uwa, in tanka ko in ƙyale? In zan tanka, da sunan wa, kuma me zan ce? Sannan wannan na Google ɗin, akwai yadda za a yi a goge shi?

Maman Biyu, Daura

Wa alaikumus salam, Alhaji. Don Allah kafin komai ka karɓe wayar nan daga hannun ɗanka, kada ya tura abin da ya rubuta. Ni na taka wannan ƙayar, har yau ina ɗingishi.

Makarantar firamare gare ni mai zaman kanta. Shekara biyu da suka wuce wata malama da ta bar mu ta sa a sitatus ɗinta na WhatsApp cewa mun riƙe mata albashin wata biyu, kuma mace in ta haihu a makarantarmu kwana 40 kacal ake ba ta. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Da na yi haƙuri, da mutum 50 ne za su gani a wuce wurin. Sai zuciya ta ɗebe ni, na hau shafin makaranta na zazzage komai: cewa ta ci bashin makaranta ba ta gama biya ba, cewa sau kaza ta makara a zango ɗaya, har hoton takardar da ta sa hannu ta karɓi rancen na ɗora. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na kwanta ina jin na yi maganinta.

Kwana biyu bayan haka na shiga Napep a kusa da fadar Sarki, sai ga mahaifin wata ɗalibata a gaba kusa da direba. Muka gaisa, ya yi shiru, can ya waiwayo ya ce, "Hajiya, mu fa ba abin da ta faɗa ne ya dame mu ba, abin da kika faɗa ne. Ni ma ana bi na kuɗin zango. Ke nan ranar da muka saɓa, tawa takardar za ki ɗora?" Ban sami abin cewa ba har na sauka. Zangon da ya biyo baya ya cire 'ya'yansa biyu, ba shi kaɗai ba kuma. Da na nemi sabuwar malamar lissafi, biyu da na so ɗauka duk suka ce sun sami wani wuri, daga baya na ji an tura musu hoton rubutuna ne.

Abin da ban gane ba a lokacin: amsar da za ka rubuta ba yaron nan ne zai karanta ta ba. Shi ya riga ya yanke hukuncinsa a kanka. Masu karantawa su ne mai shagon Sabuwar Unguwa, da uban da ke tunanin kawo maka ɗansa koyon aiki, da yaranka 17 da ke nan, waɗanda za su ga yadda za a yi da su ranar da suka bar gidan. Ka tanka, amma kamar kana magana a gaban waɗannan, sau ɗaya, gajere. Kada ka kira shi ɓarawo ko da ɓarawon ne.

Tsohon Jami'in Ƙwadago, Layout

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na yi shekaru ina zaman sasanta masu gida da ma'aikatansu kafin in yi ritaya, don haka bari in gaya maka abin da za ka taras in ka bi shawarar ƙanenka, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Ka ce ana yankar kuɗin yara in burodi ya ƙone. Dokar Ƙwadago ta tarayya, sashe na 5, ta hana mai gida cire tara daga albashin ma'aikaci. Inda ta buɗe ƙofa shi ne asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko ta sakaci, shi ma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. A yanki kuɗin mai ɗaurin leda saboda wuta ta yi yawa a obin, wannan ba ya cikin abin da dokar ta yarda da shi ko ta wace fuska. Sashe na 13 ya ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci na da hutun yini ɗaya, awa 24 a jere, ba rabin Juma'a ba, kuma wanda ke aikin awa shida ko fiye yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba a cikin aikin. Sashe na 15 ya ce tazarar biyan albashi kada ta wuce wata ɗaya. Sashe na 7 ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku ka ba shi takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. Ban tambaye ka ba, amma na ci amanar kaina in akwai mutum ɗaya cikin 17 ɗin nan mai irin wannan takarda. Raunin da aka ji a bakin aiki kuwa yana da dokarsa daban ta 2010, wadda ta ɗora wa mai gida zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun inshorar ma'aikata na tarayya, NSITF, domin diyyar irin yaron nan da ya ƙone.

Abu ɗaya da ke gefenka: dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kanka ba, domin ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

To ka duba. Cikin abu huɗu da yaron ya lissafa, biyu ka amsa da bakinka, sauran biyun ba ka musa ba. In ka kai ƙarar ɓata suna, kariyarsa ta farko ita ce gaskiyar abin da ya faɗa, kuma lauyansa littafin albashinka zai fara nema. Littafin da ɗanka ke son ɗorawa a Facebook shi ne shaidar da za ta kayar da kai. Daga nan ba abin da zai hana shi ya wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke da hurumin rigimar aiki tun gyaran tsarin mulki na 2010, ya nemi a maido masa duk abin da aka yanka. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Dokar intanet da ƙanenka ke nufi ita ce ta laifukan intanet ta 2015, sashe na 24. An daɗe ana kamen mutane da shi a kan "cin mutunci" da "ɓata rai", har aka yi ta ƙorafi aka gyara shi a Fabrairun 2024. Yanzu wannan ɓangaren na sashen ya taƙaita ne ga saƙon batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. "Ba a biya ni albashi a kan kari ba" bai shiga nan ba. Ban ce ba za ka sami wanda zai kama maka shi ba, ƙasar nan ce. Amma ka tuna matar nan ta Legas da ta rubuta a Facebook a Satumban 2023 cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta aka kai ta har Abuja. Mutanen da ba su taɓa ganin rubutunta ba suka ji sunan kamfanin a BBC da jaridu, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa. Su babban kamfani ne, suna da lauyoyi. Kai burodi kake sayarwa, abin da ba ya kwana uku a kanta.

Karɓar wayoyin yara kuma, kada ma ka bari a fara. Waya dukiyar mai ita ce, abin da ke cikinta sirrinsa ne, ba ka da hurumi a kai. Ka tambayi kanka me ya sa manaja ya fi kowa son a gano mai ba da labari.

Shawarata: kada ka rubuta ko harafi ɗaya sai ka gyara abu ɗaya a zahiri. Amsar da ta ce "za mu duba" kowa ya san ta, ba ta da daraja. Wadda ta ce "daga wannan watan mun daina kaza" ita ce ake saurara. In kana son a tsara maka takardun ɗaukar aiki, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha aikinsu ke nan, gara ka je da ƙafarka da a aiko maka.

Ɗan Bakin Obin

Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ni ba mai gida ba ne, irin yaranka ne. Shekara shida ina gashi a wani gidan burodi, ba naka ba. Ba ni na yi rubutun ba, amma da na karanta sai na ji kamar daga bakina aka ɗauka.

Ka ce kana ɗinkin Sallah, kana raba shinkafa. Allah ya saka da alheri, da gaske nake. Amma Baba, kyauta daban, haƙƙi daban. Mai gidan da nake haya ba ya karɓar shadda, ranar 1 ga wata yake buga ƙofa. Daga 1 zuwa 12 bashin mai shayi da na mai garin kwaki muke ci, in albashin ya fito rabinsa na mutane ne. Kyautar kuma ita ke rufe mana baki, don duk wanda ya tambayi kuɗinsa sai a ce ji butulu, bayan duk abin da Alhaji ya yi masa. Malamai suna karanta mana hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ba a ce bayan an sallami dilan fulawa ba.

Kana mamakin me ya sa bai zo ya same ka ba. Ta ina? Ƙorafin a kan manaja ne, manaja ɗan yayarka ne, kuma sai ta wurinsa ake ganinka. Ba wanda ke son kai mai gidansa Facebook, tsoro muke ji, gari ɗaya ne, kowa ya san kowa. Sai an rasa ƙofa ake fita ta taga.

Kuma kada ka sa a nemo shi. Ranar da aka gano shi aka wulaƙanta shi, sauran za su yi maka "ranka ya daɗe" da safe, da dare su buɗe sabon akawun.

Mai Kula da Shafukan 'Yan Kasuwa

Alhaji, ni aikina ke nan, riƙe wa shaguna da otal-otal shafukansu, bari in amsa ta Google ɗin.

Kai da kanka ba za ka iya goge sharhin wani ba. Abu biyu mai wuri ke iya yi bayan ya tabbatar wa Google cewa wurin nasa ne: ya amsa a ƙarƙashin sharhin, amsar ta fito da alamar cewa daga mai wurin take, ko ya kai rahoton sharhin in ya saɓa ƙa'idarsu. A nan kana da hujja, don Google Maps na kwastomomi ne, kuma ƙa'idarsu ta ɗauki sharhin ma'aikaci ko tsohon ma'aikaci a kan wurin aikinsa a matsayin mai son rai a ciki. Kana iya kai rahoto, su duba, wataƙila su cire, wataƙila su bari. Akwai shafukan da aka yi musamman don ma'aikata su faɗi ra'ayinsu a kan wurin aiki ba tare da suna ba, kamar Glassdoor na Amurka, can ma kamfani amsawa kawai yake iya yi, ba ya biya a cire. Duk wanda ya zo ya ce ka ba shi naira dubu kaza zai goge maka, ɗan damfara ne.

Amma ko an cire na Google, na Facebook fa? Mutum nawa suka ɗauki hotonsa suka tura WhatsApp? Wannan ya riga ya bar hannun kowa, har wanda ya rubuta.

Kada kuma ka tara yaranka ka ce kowa ya shiga ya ba da tauraro biyar. Na ga an yi. Shafin da ya shekara ba sharhi, rana ɗaya a ga goma sha, duk da kalmomi iri ɗaya, "Alhaji uba ne gare mu". Ƙaramin yaro ma ya san an sa su ne, kuma Google na share irinsu.

Ga yadda zan tsara in ni ne. Da sunanka, ba "hukumar gudanarwa" ba, don kai aka ambata. Ka yi sallama, ka ce ka karanta. Ka amsa abin da yake gaskiya da sunansa, ba "'yan kurakurai" ba. Ka faɗi abin da ka canza da ranar da ya fara. Ka ce duk mai haƙƙi ya zo ya same ka kai tsaye. Kada ka ambaci sunansa, ko dalilin barinsa aiki, ko alherin da ka taɓa yi wa wani. Maganar sahun gaba kuma ka tsallake ta kamar ba ka gani ba. Layi shida ya isa. Ka sa a wuraren biyu, ka ajiye waya. Za a zo a tsokane ka a ƙasa, kada ka sake cewa uffan.

Dattijon 'Yan Tireda, Babbar Kasuwa

Ni dai ban yarda da a amsa a waya ba. Shekara 40 ina kasuwa, ban taɓa ganin an kashe wuta da hura ta ba. Kwana uku 'yan Facebook za su sami wani su bar ka. Babba da kai ka tsaya kana ba da haƙuri a gaban yaran da ba su kai 'ya'yanka ba? Gobe duk wanda aka yi wa faɗa a wurin aiki sai ya ruga can, tunda ya ga abin na ci. Yaron nan yana da uba, yana da mai unguwa. A aika a kira su, a zauna a zaure, a biya shi in yana bi, ya goge da hannunsa. Haka muka gada. Gyaran cikin gida kuwa na yarda, ka yi, idan ɓera da sata daddawa ma da wari.

Maman Biyu, Daura

Baba, zaure na da kyau in shi ya kawo kansa. In aka aika aka kira ubansa, ai an nemo shi ke nan, kuma gobe za a rubuta cewa Alhaji ya tura a tsorata iyayensa. Su 300 ɗin nan kuma ba za su shiga zauren ba.

Mai Gidan Burodi, Ƙofar Ƙaura

Na gode maku duka, har Ɗan Bakin Obin, wanda maganarshi ta fi ta kowa yi mani ciwo. Kwana tara ke nan, bari in faɗa maku inda aka kwana.

Ranar Asabar bayan Asuba na aiki manaja Kano karɓo kayan injin murji, na sa aka kawo shayi, na tara yara a tsakar gidan. Na ce ban zo neman wanda ya yi rubutu ba, kuma duk wanda ya kawo mani sunan wani shi zan fara sallama. Na ce a faɗa mani gaskiya. Shiru. Kowa ya sa ido a kofinshi, har shayin ya fara hucewa. Sai babban mai gashinmu, wanda tare muka buɗe gidan nan, ya tashi bai ce komai ba, ya kama hannun rigata ya kai ni bakin obin. Ya nuna mani kusurwar hagu ta ciki, inda bulo ya tsage. Ya ce wata bakwai ke nan wuta na taruwa a nan, duk gwangwanin da ya faɗa wurin sai ya ƙone, sau uku yana gaya wa manaja. Wato wata bakwai ina yankar kuɗin yara a kan tsagewar bangona. Na buɗe littafi na lissafa abin da aka cire tun lokacin, ya kama naira 186,000. Na maida wa kowa nashi ranar Litinin, na waɗanda suka bar aiki kuma na ware shi a ambulan.

Yaron da ya ƙone na je gidansu a Ƙofar Marusa. Bayan hannunshi na dama fatar ta tattare, yatsu biyu ba su miƙewa sosai. Uwarshi ta shimfiɗa mani tabarma tana ta godiya wai na zo da kaina, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Gobe direba zai kai shi asibiti a duba ko akwai abin da za a iya yi.

Dattijo, ka gafarce ni, na amsa a wayar. Ga abin da na sa, ɗana ya buga ina faɗa, sau biyu yana son ƙara nashi ina hana shi:

"Assalamu alaikum. Ni ne mai wannan gidan burodi, na karanta abin da aka rubuta. Jinkirin albashi da yankan kuɗin ƙonannen burodi gaskiya ne, laifina ne. Na daina yankan, na maida abin da aka cire. Daga wannan watan albashi ranar 28 ne, kuma kowa na da hutun yini guda a mako. Yaron da ya ji rauni ina ɗauke da maganinshi. Duk wanda ya yi mani aiki yake bi na wani abu, ya same ni da kaina bayan La'asar, ba wanda zai tambaye shi komai."

An yaba, an kuma zaga. Wani ya ce sai da aka tona asirina na san Allah. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma na ajiye wayar kamar yadda aka ce. Na Google ban kai rahoto ba, na bar shi da amsar a ƙasanshi. Mutum biyu sun zo sun karɓi ambulan ɗinsu, ban san ko mai rubutun na cikinsu ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar 28 ɗin nan ita ce ban san yadda zan cika ba tukuna, sai na zauna da dilan fulawa ya yarda ya riƙa jira na mako guda. Sannan manaja. Na karɓe littafin albashi daga hannunshi na bar mashi lodin motoci, ya yi fushi ya kai ƙara wurin uwarshi. Yaya ta aiko in same ta gobe bayan Magariba, kuma ɗan aiken ya ce ba ta amsa gaisuwar da na aika mata ba.